Ranar da Na Yi Tsere da Waya

Duk wanda ya san ni ya san haƙorana ja ne jawur, kuma ya san ba a kasuwa na sayo wannan jan ba. Goron albishir ne, na shekara arba'in da ɗoriya. Sana'ata ta asali dillancin bisashe ce: kasuwar Gidan Sori, kasuwar Cadakori, in hali ya yi in gangara gabas har Agiye da Gazawa. Da jaki na fara, na koma amalanke, daga baya mota da kabu-kabu suka zo suka hutar da ƙuguna. Dillancin dai ga shi nan, bai taɓa sa na gina soro ba. Abin da ya sa ake shimfiɗa mini tabarma tun kafin in gama sallama shi ne labari.

Shekara biyu na yi a lakol, wato makarantar boko. Mushe, wato malaminmu, ya kira mahaifina ya ce kaina lafiya lau yake, bakina ne ba ya rufuwa. Mahaifina ya ce ya sani, ai shi ya sa ya kawo ni. Aka maida ni gona. Wannan rubutun da kuke gani sai da furfura ta fito na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga wani wuri ya karkace, ku tallabe shi ku wuce.

Mutane suna zaton kai labari surutu ne kawai. Ba haka ba ne. In na dawo daga kasuwa da labari ashirin a cikina, ba na zube su gaba ɗaya a ƙofar masallaci. Mai sayen wake na bakin tasha, shi farashin tiya a Agiye yake son ji, kuma a kunne yake so, kada maƙwabcinsa ya ji. Tsofaffin mata na bakin rijiya, su wa ta haihu, wa aka sa wa rana, wa ta yi yaji ta koma. Liman, wa ya riga mu gidan gaskiya. Makiyayi kuwa in ka fara masa da zancen aure, saniyarsa zai yi ta kallo har ka gama. Ka ce masa ruwa ya sauka arewa da Cadakori, sai ka ga ya tura malafa baya ya matso.

Amma sarkin labarai duka shi ne albishir. Ka tsaya a ƙofar gida, ka gyara murya, ka ce, "Albishirinka!" Mai gida ya ce, "Goro!" Ka ce, "Fari ko ja?" Ya ce, "Fari!" Sai ka ɗan yi shiru. A wannan ɗan shirun, dattijo mai jikoki fuskarsa takan koma ta ɗan yaye. Wallahi don shi nake sana'ar, ba don goron ba. Goron ma dai ina so.

Da salula, wayar hannu, ta shigo ƙauyukanmu aka ce mini tawa ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ta ɗan rage mini labarin kasuwa, amma akwai maganar da ba ta shiga kira. Suruki ba ya kiran suruki ya ce matata ta sauka. Ɗan fari ba ya kiran ubansa ya ce an yi mini haihuwa, kunya ba ta bari. Dole a nemo wani tsoho marar kunya ya tsaya a tsakani, ni kuwa Allah ya hore mini wannan baiwar.

Abin da ya kusa kai ni ƙasa daga cikin gidana ya fito. Ina da ɗiya da nake ce wa Uwata, don sunan mahaifiyata ta ci. Ita ce ta rama mini abin da lakol ta yi mini: ta yi karatu a Maraɗi, ta wuce Yamai, ta dawo da odinatar, wato kwamfuta, a jaka, irin wadda ake buɗewa kamar faifai biyu. Wata rana bayan girbi ta zo gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta fiddo kaye da bik, littafi da abin rubutu.

"Baba, aiki na zo ka koya mini."

"Ni? Ni da mushe ya kora?"

"Kai ɗin. Ni da abokan aikina muna haɗa wani abu da za a riƙa buɗewa a waya. Labarai ne, amma da murya, don waɗanda ba su karatu. Duk wanda ya ga abu a garinsu ya faɗa a ciki, abin ya ɗauka ya kai wa wanda ya shafa. Inda muka maƙale shi ne yadda za a san wane labari ne na wa. Na ce musu su bari, ina da gwani a gida."

Kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Kwana uku muka yi a gindin bedi, tana tambaya ina zubawa. Duk asirin da na ƙi gaya wa dillalai 'yan'uwana na kwashe na ba ta, har da gyara.

"Yaya kake gane labari ya shiga mutum?"

"Hannunsa nake kallo. In yana tufkar igiya ya tsaya, to ya shiga. In ya ci gaba da tufka, canja zance."

Ta yi dariya. "Waya ba ta ganin igiya, amma tana jin yatsa. In mutum ya saurari labari har ƙarshe, ta sani. In ya ture shi da yatsa, ta sani. In ya maimaita, sai ta ƙaro masa irinsa."

Na adana wannan maganar a raina, kuma ba don alheri ba.

"Labarin rasuwa fa, Baba?"

"Shi kada ki bari ya faɗo wa mutum yana tsaye. A fara da sallama, a ce akwai magana mai nauyi, a ba shi wuri ya zauna tukuna."

Ta rubuta. Ta nuna mini 'yan hotunan da za su tsaya a madadin rubutu: zangarniyar gero don labarin gona, girgije don ruwa, jinjiri cikin zane don haihuwa, kan saniya don bisashe. Na ce wannan ba saniya ba ce, jaki ne aka dasa wa ƙaho, ba makiyayin da zai taɓa shi. Suka sake zanawa. Ta ce abin ba ya buƙatar rezo, wato sabis, mai ƙarfi, in mutum ya hau tudu ya samu kaɗan, zai kwashi labaran ya ajiye, sai ya koma gida ya saurara a natse. Har tudun na nuna mata, wanda ke bayan filin idi. Da hannuna na nuna.

Kafin daminar gaba abin ya bazu. Ranar da na fara gane halin da nake ciki, na taho ne tun daga Agiye da labarin tagwaye, jikokin wata tsohuwa a unguwarmu. Ko gida ban shiga ba. Na tsaya a ƙofarta na gyara murya.

"Albishirinki, Iya!"

"Tagwayen? Ai mun ji tun hantsi, Malam. Har kukansu an sa mana."

Na tsaya kamar wanda ya zo biki bayan an wanke tukwane. Daga nan duk inda na nufa, amsa ɗaya ce: mun ji. Mai wake ya ji, liman ya ji, har mata a bakin rijiya su ke ba ni labari yanzu, suna tausaya mini. Na karɓi wayar matata na saurara, sai na ji abin yana fara labarin rasuwa da sallama, yana cewa akwai magana mai nauyi, a zauna. Ni ne sak, an zuba ni cikin ɗan akwati, an sa mini muryar mace. Matata kuwa ba ta taimaka ba. Ta dube ni wata safiya ta ce, "Maigida, buɗe bakinka mu gani. Kai, haƙoran nan sun fara fari."

Da na haƙura na koma dillancina, in ba don aminina ba.

Bafillace ne, tsarana. Tun zamanin iyayenmu shanunsu ke sauka a gonarmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Da damina rugarsu tana arewa da Cadakori. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Fillo, kuma a shekara hamsin ɗin da muka yi tare ni na yi kashi tara na maganar, shi ya yi ɗaya. Ɗansa na fari ya bar kiwo ya koma Agiye yana sayar da dusa da ƙaiƙayin wake ga masu turke. Ya yi aure shekara bakwai, Allah bai kawo haihuwa ba. Aminina bai taɓa ta da maganar ba. Sunan ɗan ma ba ya faɗa, ɗan fari ne, sai dai ya ce "wancan na Agiye". Duk lokacin da na dawo daga gabas zai tambaye ni kasuwar bijimai, ya tambayi ruwa, ya tambayi ciyawa, sai can a ƙarshe, yana duban takalminsa, ya ce, "Mutanen can lafiya?" In ce lafiya lau. Ya ce, "To." Shekara bakwai ina kawo masa wannan lafiyar da babu kome a cikinta, ina ganin yadda yake karɓa.

A wannan daminar na je Agiye na iske matar ɗan ba ta nan, an ce ta tafi ganin gida a Gazawa. Na bi ta Gazawa kamar mai wucewa, sai na ga an fara tara itace a ƙofar gidan iyayenta, da sabuwar babbar tukunya a kife. Tsohon dillali ba ya buƙatar a fassara masa itacen wankan jego. Nan take na yi wa kaina alkawari: duk sauran albishir na duniya na bar wa wayar Uwata, amma wannan ɗaya da bakina zai shiga kunnen Fillo.

Matsalar ita ce shi ma yana da abin. Uwata da kanta ta sa masa, Baffa take ce masa tun tana rarrafe, kuma ta shigar masa da Agiye da Gazawa cikin garuruwan da yake da dangi. Ranar da aka haihu, wata mata a Gazawa za ta danna ta faɗa, kafin in sa takalmi labari ya isa ruga.

Sai na tuna maganar yatsa.

Ranar kasuwar Cadakori, shi yakan wuce kara wurin shanu, ya ba ni wayarsa in kai wa mai pano, mai caji da hasken rana, ya sa mata wuta. Na karɓa kamar kullum. Maimakon in ajiye in tafi, na zagaya bayan rumfa na zauna. Duk inda na ga jinjiri cikin zane, in ture da yatsa. Duk inda na ji labarin kokowa, in saurara har ƙarshe, in maimaita, in sake maimaitawa. Kasuwa huɗu ina wannan aikin, har na san duk wanda aka kayar daga nan zuwa Tasawa. A ta biyar ya same ni yana ɓata rai.

"Kaɗo, wayar ɗiyarka ta haukace."

"Subhanallahi. Me ta yi?"

"Da safe kokowa, da rana kokowa. Ni na taɓa kokowa da wani in ba maraƙi ba?"

"Wataƙila ƙirarka ta gani, Fillo."

Mutumin da in ya tsaya bayan sandarsa ba a ganinsa. Ya yi tsaki ya wuce, ni kuwa na koma gida ina jin kaina gwanin zamani.

Abin bai yi nisa ba. Aka yi sunan jikan ƙanensa a wata ruga da ba ta kai tafiyar hantsi ba. Ƙanen ya sa an faɗa a waya ya kwanta da tabbacin yayansa ya ji, wayar kuwa ta tura labarin can ƙasa, ƙarƙashin 'yan kokowa. Aminina bai je ba. Ƙanen ya yi fushi irin nasu, wanda ba a ɗaga murya, sai dai a daina zuwa. Aminina ya kai ƙarar wayar wurin Uwata, ya ce ta duba. Kwana biyu sai ga ta a kan kabu-kabu da tsakar rana, ko mayafinta ba ta kakkaɓe ba.

"Baba, Baffa ba ya son kokowa."

"Mutum yakan canja in ya tsufa, Uwata."

"Ranar kasuwar Cadakori kaɗai yake canjawa? Tsakanin azahar da la'asar? Na tambaye shi wa ke kai masa waya wurin mai pano."

Na dubi bedi, na dubi kaji, ba wanda ya taimake ni. Na faɗi gaskiya duka, har da itacen Gazawa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Da na ga haka sai na yi zaton na samu ƙofa.

"To tunda ke ke da abin, riƙe mini labari ɗaya tak. Yini ɗaya. Ki ɗaure shi kamar akuya har in isa."

Dariyar ta tsaya. "A'a, Baba. In na riƙe wa mutum labarinsa don kai, gobe wani zai zo ya ce in riƙe don shi, kuma shi ba albishir zai ɓoye ba. Labarin jikan Baffa na Baffa ne. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Ta gyara wayar ta koma yadda take. Ta yi alkawarin ba za ta gaya wa Baffanta ba, amma ta sa sai da na je rugar ƙanen na wanke yayansa. Na sayi goro da kaina na kai. Ranar ce ta farko a rayuwata da na kai labari kuma ni na ba da goro.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa da gero ya fara fidda kai na ɗaura 'yar jakata na tafi Gazawa, na sauka wurin wani tsohon mahauci da muka saba, na ce kasuwa na zo dubawa. Kwana goma sha ɗaya ina duba kasuwar. Kowace safiya in bi ta ƙofar gidan nan in yi sallama, in tambayi lafiyar mutanen gida, in saci kallon itace ko an fara ɗiba. A rana ta takwas uwar yarinyar ta leƙo zaure ta ce, "Malam, wai kai ne ungozomar da aka aiko mana daga yamma?" Na ce a'a, amma in ana neman mai riƙe fitila ina nan.

A rana ta goma sha biyu da hantsi, ina shan koko, na ji guɗa. Na bar ƙoƙon a nan. Da yake ni tsoho ne kuma aminin kaka, suka fito mini da shi zaure cikin farin zane, namiji, aka ɗora mini a hannu. Na yi masa addu'a, na duba shi sosai tun daga kai har ƙafa kamar zan yi cinikinsa, na miƙa. Sannan na roƙi matan.

"Don Allah, don Annabi, kada wadda ta sa wannan a waya sai magariba. Ni zan kai wa kakansa da bakina."

"To, Baba. In sha Allahu, Baba."

Suna faɗa suna danne dariya. Ɗaya ma na ga hannunta yana motsi ƙarƙashin mayafi, amma na ce wa raina tasbaha take ja.

Daga Gazawa zuwa rugar nan ba nan kusa ba ne. Sai ka bi Agiye, ka wuce Cadawa, ka shiga Maraɗi, ka canja mota, ka sauka ka nemi babur. Motar farko ta ƙi cika. Ni da kaina na tsaya bakin hanya ina kiran fasinja, "Agiye, Agiye, saura mutum biyu!" har direba ya ce in na gaji da dillanci yana da aiki. A Agiye, kafin wata motar ta tashi, na ruga rumfar ɗan aminina na dube shi, na sha ruwa, na komo. Bayan Cadawa taya ta fashe. Na tsaya a kan direba ina ba shi shawara har ya roƙe ni in je inuwa.

Wani abu dai ya riƙa ba ni mamaki. A shingen jandarma, wani mai kaki ya leƙo, ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce wa direba, "Wuce, wuce, kada ka ɓata wa Baba lokaci." A tashar Maraɗi kafin in buɗe baki wani ya kama jakata ya ce, "Motar yamma ga ta can, Baba, an ajiye maka gaba." Da na sauka a mararraba, mai kabu-kabu ya riga ya tada babur yana cewa, "Arewa da Cadakori ko? Hau." Na ce a raina, ashe har yanzu sunana bai mutu ba a ƙasar nan. Na ƙara gyara zama.

Hanyar rugar rairayi ce da kududdufai, gero ya rufe ta hagu da dama. Iska ta ɗauke mini hula, mai babur ya rage gudu, na ce bar ta, wani makiyayi ya samu rabo. Haka na isa, la'asar sakaliya, kai ba hula, riga duk taɓo.

Rugar shiru. Mata suna nan amma kowace ta ba ni baya tana wani aiki, kafaɗunsu suna girgiza. Matar aminina tana wanke ƙwarya, kuma ko ni da ba na gani sosai na ga ƙwaryar a wanke take. Na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta nuna mini gabas da haɓa.

Can nesa, gindin wani gawo, na hango shi shi kaɗai, sanda a kan gwiwa, shanu suna kiwo kewaye da shi. Na taka a hankali don numfashina ya dawo. Bai dawo ba. Na tsaya a gabansa.

"Albishirinka, Fillo."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari."

Na yi shirun nan nawa. Ya ɗago ya dube ni. Ban iya ja da nisa ba.

"Namiji. Yau da hantsi. Da shi da uwar duk lafiya lau."

Ya jawo malafa ya rufe fuska. Na ji yana hamdala a ƙarƙashinta, da Hausa, da Fillanci, da wani abin da ba yare ba ne. Na juya ina kallon shanu kamar yau na fara ganin saniya. Da ya natsa, ya sa hannu a aljihu ya fiddo wani ɗan tsumma mai laima, ya warware. Goro ne farare ƙal, manya, an wanke su.

Na karɓa, na kai ɗaya baki, sai hankalina ya dawo. Makiyayi a tsakiyar daji, da farin goro wankakke a aljihu?

"Fillo. Ka riga ka ji."

"Ban ji ba."

"Goron nan fa? Gawo ne ya zubo maka?"

Ya gyara malafa. Ya ce da hantsi wayar matarsa ta yi magana a cikin bukka, matar ta fara guɗa ta katse a tsakiya. Shi kuwa ya ɗauki sandarsa, ya bar tasa wayar a rataye, ya ce kada wanda ya biyo shi da zance. Tun lokacin yake gindin gawon nan.

"Guɗa ba magana ba ce, Kaɗo. Ban san namiji ba, ban san mace ba. Ban san ko uwar ta tashi ba."

"Tun hantsi? Kana zaune ba ka sani ba, alhali ga shi can a bukka?"

"Shekara bakwai kai ke kawo mini na can. Na ce wannan ma kai za ka kawo."

Na rasa inda zan sa idona. Don in kauce, na ce, "To wa ya gaya maka ina tafe?"

A nan ne ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ashe matan Gazawa labari biyu suka sa. Na farko haihuwa. Na biyu, wai ga wani tsoho ya fita da gudu zai yi tsere da waya zuwa Cadakori, duk wanda ya gan shi ya faɗa. Mutanen hanya kuwa suka ɗauka. Wayar ta ga ana saurare ana maimaitawa, ta yi ta turawa gaba, yadda na koya mata da bakina.

"Naka labarin na yarda a gaya mini," in ji shi. "Tsohuwa takan tsaya can nesa ta ɗaga murya. Kaɗo yana kiran fasinja a Gazawa. Kaɗo ya wuce Agiye. Taya ta fashe, direba ya kore shi inuwa. Da ka shiga Maraɗi ta aika Cadakori a sayo goro. Hularka ma ta riga ka zuwa."

"Hular?"

"Labarinta. Ita tana hannun wani mai awaki."

Na zauna daɓas. Yini guda ina sanɗa kamar ɓarawo, ashe ƙasa duka tana bina da kunne, daga Gazawa har nan.

"Kokowar ma na san kai ne," ya ƙara. "Wa ke da lokacin wannan aikin in ba kai ba?"

Muka yi ta tauna. Sai ya matso, ya rage murya, ko da yake ba kowa sai shanu.

"Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi. Na ɗauke shi a hannun nan."

"To faɗa. Tun daga shigarka zaure."

Na faɗa. Na gaya masa gashin kansa baƙi sul a kwance, da dogayen yatsu, da kunnuwa irin nasa waɗanda malafa ke hutawa a kai, da yadda ya ɓata fuska da na yi masa addu'a kamar an taya bijiminsa da arha. Da na gama ya ce in sake, na manta ban faɗi ƙafafun ba. Na sake. A karo na uku shanu sun gaji da jiranmu, sun kama hanyar ruga da kansu.

Muka tashi muka bi bayansu. Mun yi nisa kafin ya yi magana, yana duban takalminsa.

"Wancan na Agiye fa?"

"Na biya ta rumfarsa. Da ya gan ni ya shige bayan buhunan dusa, ya ja rawani ya rufe fuska. Ruwan ma da hannu ɗaya ya miƙo mini, bai fito ba."

Aminina ya yi 'yan taku.

"Ni bayan garke na ɓuya," ya ce, "ranar da aka haifi wancan na Agiye."